Obin na kunnuwa amma ƙasa ba ya zafi: fanel ne ko wani abu?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan obin ɗin da kuke gani a kan benci na wata Hajiya ne mai sana'ar kek. Agogo na nunawa, fitilar ciki na kamawa, fanka na juyawa, amma kek sai ya gasu ta sama, ƙasa kuwa ɗanye sharaf. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne wata rana ya yi lafiya lau, wata rana ya ƙi. Ta kai wa wani mai gyara, ko noti bai kwance ba ya ce fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa obin, ya mutu, sai an yi odar sabo daga Legas. Mai yiwuwa ya canka daidai, amma mu mita za mu tambaya.

Kafin komai a kashe bireka, sannan a sa mita a tabbatar wutar ta ɗauke. Kada ku yarda da makunnin bango kawai, don na sha ganin gidan da aka juya waya, makunni na kashe amma wuta na nan. Kuma a kan fanel akwai babbar kafasita, wato abin da ke tara wuta, mai rubutun bolt 400. Wutar gida ta bolt 230 idan ta shiga cikinta takan kai kusan 325, kuma tana iya riƙe ta bayan an kashe. A auna ta kafin a kai hannu.

Ga wani abu da ba ya buƙatar sukundireba. Da yawa daga cikin obin ɗin da ake shigo da su daga Turai, idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, agogonsu sai ya riƙa ƙiftawa, kuma ba za su yi zafi ba sai an saita lokaci. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau nawa a yini, kun ga wannan kaɗai ya isa a ce obin ya lalace. Na Hajiya agogonsa a saite yake, sai mu wuce.

Mun buɗe baya. Waɗannan ƙafafu biyu na elimen ɗin ƙasa ne, wato ƙarfen da ke ba da zafi. Na zare waya ɗaya, na sa mita a kan om, wato ma'aunin yadda abu ke turje wa wuta. An rubuta wa elimen ɗin wat 1,200. Lissafin ba wuya: 230 sau 230, a raba da 1,200, zai ba ka kusan om 44. Mita ta nuna 45. Sai in taɓa ƙafa ɗaya da jikin ƙarfen obin, nan bai kamata ta nuna komai ba, kuma ba ta nuna ba. Elimen lafiyarsa ƙalau.

Wannan ɗan ƙaramin mai kama da maɓallin riga shi ne ke yanke wuta idan zafi ya wuce kima. Da shi ne ya buɗe, da sama da ƙasa duk sun mutu tare, tunda kuwa sama na aiki, ban zarge shi ba. Na dai auna, yana wucewa.

Sai sensa, wannan siririn ƙarfen da ke leƙowa cikin obin yana auna zafi. Irin wannan ana ce masa PT1000, wato om 1,000 yake nunawa a digiri sifili, kowane digiri ɗaya kuma yana ƙara kusan om 4. Takardun Turawa za su ce maka ka nemi 1,080, domin ɗakinsu digiri 20 ne. Shagona yau a Kano ya kai digiri 35, shi ya sa kuke ganin 1,135. Yara da yawa sun jefar da sensa mai kyau saboda wannan bambancin. Sai dai ba kowane obin ke amfani da irin wannan ba, a duba lambar naka.

To yanzu ne muka samu hujjar taɓa fanel. Ka ɗauki hoton wayoyin nan da wayarka kafin ka zare ko ɗaya, don ƙwaƙwalwar mutum tana yaudara.

Fanel ba wani abin tsoro ba ne. Wannan ɓangaren yana rage wutar gida zuwa ƙaramar wuta, bolt 12 da bolt 5. Wannan baƙin mai ƙafafu da yawa shi ne ƙwaƙwalwa, yana karanta sensa ya yanke shawara. Waɗannan akwatunan kuma su ne rile, kowane elimen da nasa. Ƙwaƙwalwa ba ta iya ɗaukar wutar elimen, sai ta aika bolt 12 ga rile, shi kuma ya haɗa babbar wuta. Ƙarar nan ta "ƙas" da kuke ji idan obin na aiki, shi ne.

Na fara da hanci, akwai ɗan ƙauri. Ga maiƙo, ga kashin kyankyaso, domin ɗumin wurin nan suke so. Sifirit da tsohon buroshin haƙori sun isa. Yanzu mu juya bayansa. Bari in matso da kyamara. Kun ga ƙafar rilen nan? Dalmar da ke kewaye da ita ta tsage, ta yi zobe siriri kamar gashi, wurin kuma ya yi duhu. Nan matsalar Hajiya take. Kusan amfiya 5 ke bi ta wannan ƙafa. Kullum ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke, shekara da shekaru, har dalma ta gaji. Ranar da tsagar ta haɗu obin ya yi aiki, ranar da ta buɗe ƙasa ya mutu. Kuma duk lokacin da wuta ta yi tsalle a wurin, tartsatsi na ƙara cin sa.

Wani zai ɗiga sabuwar dalma ya rufe. Ni ba na haka, don zafin da ya ƙona waje ya shiga ciki. Na cire rilen. Koyil ɗinsa, wato naɗaɗɗiyar wayar ciki da ke karɓar bolt 12, ya nuna om 360, daidai ne ga irin wannan. Na ba shi bolt 12 daga batir, ya yi ƙara. Amma dubi bakin da ke haɗa wutar: maimakon ya nuna kusan sifili, yana yawo, 8, 30, 12. Ya ƙone ta ciki. Irin wannan wata rana narkewa yake ya manne, obin ya yi ta zafi ba tsayawa ko an kashe shi, wannan kuwa maganar gobara ce.

Sabon na samo shi a kasuwar Sabon Gari. A karanta jikinsa: koyil bolt 12, amfiya 16, bolt 250. Kada a ce maka mai amfiya 10 ma zai yi don ƙafafunsu sun zo ɗaya. Na kankare layin tagullar da ya ƙone har ya yi haske, na ɗora guntuwar waya mai kauri a kai, na cika da dalma.

Tunda fanel na hannu, wannan kafasitar da samanta ya kumbura ita ma ta tafi. Mai jure zafin digiri 105 za a sa, a kula da ɓangaren da ke da zane, don idan aka juya ta fashewa take. Da a ce agogon ne ya mutu gaba ɗaya bayan an kawo wuta da ƙarfi ko an tayar da janareta, da fis da wannan shuɗin mai kama da kwabo, mai kare fanel daga wuta mai ƙarfi, zan fara dubawa. Kuma don Allah a daina ɗaure fis da waya. Inda nake ɗaga hannu in ce a sayi sabon fanel shi ne idan ƙwaƙwalwar ce ta tafi, ko allon ya ƙone ya zama gawayi, domin gawayi da kansa yana wuce da wuta.

Na mayar da komai bisa hoton. Fankar sama mai sanyaya fanel na juyawa, na share mata ƙura. Na zaɓi wutar ƙasa kaɗai, digiri 180. Ku saurara. Ƙas. Mitar da ake maƙala wa waya ta nuna amfiya 5.1. Na sa ma'aunin zafi na daban a tsakiya, zan bar shi ya kai, ya yanke, ya sake kamawa har sau uku, sannan in kira Hajiya ta aiko da kwaɓin kek mu gwada.