Saurayin da ya bar gida da rupi 3: hirarmu kan Ramana Maharshi

Nura: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. To hoton tsohon nan mai bante da farin gemu da ke ta yawo a stetus, wanda aka rubuta "wane ne ni?" a ƙasansa, saƙonni sun yi mana yawa a kansa, shi ya sa muka ce yau shi za mu taɓa.

Hadiza: A gurup ɗinmu na 'yan makaranta har musu aka yi fa, wata ta rantse Gandhi ne.

Nura: Ba Gandhi ba ne, Ramana Maharshi ne, kuma ni na je inda ya zauna lokacin ina karatu a Chennai ta ƙasar Indiya, wani abokina ɗan Tamil ne ya ja ni, tafiyar awa huɗu haka a bas, garin sunansa Tiruvannamalai.

Aminu: Tiru me?

Nura: Tiruvannamalai. Ni ma sai da na yi sati kafin harshena ya daidaita. To shi sunansa na yanka Venkataraman, an haife shi ƙarshen Disamba 1879 a wani ƙaramin gari Tiruchuli, babansa irin masu tsaya wa mutane a kotu ne, ya rasu yaron na da shekara 12, aka kai shi Madurai gidan baffansa, yana makarantar mishan ta Amurkawa. Yaro ne kamar kowa, wasa, ninƙaya, ga barci mai nauyi. Sai wata rana a 1896, yana ɗan shekara 16, lafiyarsa ƙalau yana zaune a ɗakin sama, kawai tsoron mutuwa ya rufe shi, ya ji yanzun nan zai mutu.

Hadiza: Subhanallahi. Bai kira kowa ba?

Nura: Ko mutum ɗaya, abin da ya tsaya min a rai ke nan. Miƙewa ya yi ƙasa kamar gawa, ya sandare, ya riƙe numfashi, ya ce to ga jiki ya mutu, za a ɗauka a kai a ƙone kamar yadda suke yi, to ni fa, na mutu? Shi a faɗarsa ya ji akwai wani abu da bai mutu ba, kuma daga ranar tsoron bai sake dawo masa ba. Karatu ya fita ransa, abinci kowanne aka ba shi ci yake. Bayan kamar sati shida yayansa ya gan shi ya ture littafi ya rufe ido, ya yi masa gori, ya ce mai irin wannan halin me yake yi a gida? Maganar ta shige shi. Yayan ya ce ya karɓi rupi 5 ya biya masa kuɗin makaranta, shi kuma ya ɗauki 3 ya bar 2 da 'yar takarda cewa kada a kashe kuɗi wajen nemansa.

Aminu: Ya bar canji ma.

Nura: Ya bar canji, iya kuɗin jirgin ƙasa da ya lissafa ya ɗauka, shi ma bai ishe shi ba, sai da ya jinginar da 'yan kunnensa a hanya ya taka wani wurin da ƙafa. Ranar 1 ga Satumba 1896 ya isa, aka yi masa aski ƙwal, ragowar kuɗin ya watsa a tafki, ya yagi ƙyalle ya yi bante. Malam Aminu shekara 54 mutumin nan bai sake barin garin ba har ya mutu.

Hadiza: Ni fa Yaya Nura uwar nake ji. Ka haifi ɗa, miji ya rasu, ɗan kuma ya ɓace.

Nura: Ai abin tausayi ne. Shi yana can cikin wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a babban wurin bautar 'yan Hindu na garin, yara na jifansa da duwatsu shi ya sa ya gangara ciki, ƙwari suna cin cinyoyinsa har suka yi gyambo bai ma sani ba, ɗaukarsa aka yi aka fito da shi, abinci ma a baki ake ba shi. Sai wajen shekara biyu uwar, Alagammal, ta zo ta same shi, kwana da kwanaki tana kuka tana roƙo ya koma gida, bai ce uffan ba don lokacin ba ya magana. Da aka matsa sai ya karɓi fensir ya rubuta mata cewa abin da aka ƙaddara ba zai faru ba, ko me ka yi ba zai faru ba, wanda aka ƙaddara zai faru kuma babu mai tare shi, don haka shiru ya fi.

Hadiza: Kai. A'a gaskiya wannan bai kwanta min ba. Uwa fa. Ko me kake nema ai ba ka samunsa da hawayenta.

Aminu: Ni ma nan na tsaya, mu a wajenmu ko jihadi ne sai da yardar iyaye.

Nura: Ban musa muku ba, ni ma da na ji abin ya dame ni. Amma ku ji ƙarshen, a 1916 ta tattara ta dawo wajensa kan dutsen Arunachala da ke garin, inda ya koma da zama, ta zauna da shi shekara shida tana girka wa almajiransa abinci, kuma ranar da za ta rasu a Mayun 1922 yana zaune gefenta, hannu ɗaya kan ƙirjinta ɗaya kan kanta, har rai ya yi halinsa. A gindin dutsen aka binne ta, shi kuma ya sauko ya tare kusa da kabarin, wurin da mutane ke zuwa yanzu daga ko'ina a duniya a kewayen kabarinta ya girma.

Hadiza: To da sauƙi. Amma shekarun kukan nan dai an yi su.

Nura: An yi su kam. To ni da na shiga wurin, abin da na fara gani ɗawisu ne suna yawo a tsakar gida, ga birai kan katanga, kowa ba takalmi, ɗakin da yake zama ƙarami ne, kujerarsa na nan da hotonsa a kai, mutane zaune a ƙasa shiru kamar ruwa ya cinye su. Da safe kuma muka ci idli kan ganyen ayaba.

Hadiza: Wannan farar masar tasu?

Nura: Ba masa ba ce Hadiza, turarawa ake yi.

Hadiza: Shinkafa ce aka jiƙa aka markaɗa ta kwana ta tashi ko?

Nura: E, da wani ɗan wake.

Hadiza: To masa ce, mai ne kawai suka hana ta.

Aminu: Masar da ba ta ga tanda ba ai ba ta cika masa ba. Ina ɓawon nan na gefe mai ƙaras-ƙaras?

Hadiza: To dosa fa? Wannan ai sinasir ne ƙiri-ƙiri, ko 'yan Maiduguri ka kai wa za su karɓa.

Aminu: Da miyar taushe zai shiga?

Nura: Su da sambar suke ci, akwai tsamiya a ciki har kabewa wani lokacin.

Hadiza: Ka ji ko! Kabewa! Ai na faɗa muku taushe ce.

Aminu: Babu gyaɗa babu tantaƙwashi, wace irin taushe?

Hadiza: Masu sauraro ku raba mana, idli masa ce ko ba masa ba ce.

Nura: To tunda an shiga kicin bari in faɗi abin da ya fi komai burge ni game da shi. Mutumin da sarakunan Indiya da Turawa ke zuwa su zube a gabansa, shi ne ke tashi wajen ƙarfe 3 na dare ya shiga kicin yana yanka kayan miya, ko ɓawo ba ya yarda a zubar. In aka zuba masa abinci fiye da na sauran, ko aka kawo masa wani abu na musamman, ba zai ci ba sai an raba wa kowa daidai. Ba ya taɓa kuɗi. Bantensa, butarsa, sandarsa, shikenan. A 1924 ɓarayi suka shiga da dare har suka doke shi a ƙafa, almajiri ya ɗauko ƙarfe zai rama, ya hana, ya ce in haƙorinka ya ciji harshenka fasa haƙorin kake yi? Akwai saniya ma, Lakshmi, da ta saba zuwa wajensa kullum, da ta mutu a 1948 kabari aka yi mata, na gan shi da idona.

Aminu: To koyarwar fa? Don tambayar masu sauraro ke nan, me ake nufi da "wane ne ni?"

Nura: A 1902 wani ma'aikacin gwamnati, Sivaprakasam Pillai, ya dinga yi masa tambayoyi, shi kuma yana rubuta amsa a ƙasa da kan allo, su aka tattara daga baya. Cewa yake duk tunanin da ya zo maka, fushi ne, tsoro ne, kwaɗayi ne, kada ka bi shi, ka tambaya wa abin ya zo wa? Za ka ce ni. To wane ne ni ɗin? Jiki ne, suna ne, muƙami ne? In ka yi barci mai nauyi babu ko ɗaya a cikinsu amma ka tashi ka ce na yi barci mai daɗi, to wa ya san an yi? Yakan ba da misalin silima, a nuna gobara a majigi ƙyallen bai ƙone ba, a nuna ambaliya bai jiƙe ba.

Hadiza: Wannan misalin ya shige ni.

Aminu: Ya shiga, amma a faɗa wa mutane inda hanyar take ɓullewa. Su a aƙidarsu in ka bi "ni" ɗin har tushe, kai da abin bauta abu guda ne, kuma shi dutsen nan Arunachala ma a matsayin Shiva, abin bautarsu, ya ɗauke shi. Mu kuwa Mahalicci daban, bawa daban, babu gauraye. Kada yaro ya ga hoto a stetus ya zaci zikiri ne.

Nura: Wannan haka yake, kuma ban je can don in yi bauta ba, ko kewaya dutsen da suke yi, kilomita 14, ban yi ba. Amma abin mamaki shi kansa ba ya cewa mutane su bar gida, masu zuwa su ce za su bar aiki da iyali sai ya ce su koma, in zuciyar ba ta saki ba ko daji ka shiga da kayanka ka tafi.

Aminu: Malamanmu ma ai sun daɗe suna faɗa kan zuhudu, duniya a hannu ba a zuci ba.

Hadiza: Yaya Nura lokaci fa, an fara kiran magariba, kuma ba ka faɗi rasuwarsa ba.

Nura: Kai, to da sauri. Ciwon daji ne ya fito masa a hannun hagu wajen gwiwar hannu, an yi tiyata har sau huɗu a 1949, likitoci suka ce a yanke hannun ya ƙi. Mutane na kuka za ka tafi ka bar mu, ya ce ina zan je, ina nan. Ya rasu daren 14 ga Afrilu 1950, kuma wani mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, Cartier-Bresson, yana garin, ya ce a daidai lokacin ya ga tauraruwa mai wutsiya ta keta sama ta nufi dutsen. Akwai maganar shirunsa da na so mu yi, yadda mutum zai zo da tambayoyi a takarda ya zauna ya tashi bai tambaya ba...

Aminu: An tada iƙama a masallacin baya.

Nura: To sai wani makon. Hadiza kashe.

Hadiza: Ku turo amsar masa fa. Sai anjima.