Sharhi: Ina Ƙarshen Labarin?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau da masu shirya finafinan Hausa masu dogon zango nake, kuma raina a ɓace yake.

Ku leƙa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Wudil ranar Juma'a, ku tsaya a rumfar masu turi. Samari ne cike, ga yaran da matan aure suka aiko da memori a ƙulle a leda. A ƙauye ba kowa ke da data ba, balle wuta. Mutum ya biya kuɗin caji, ya biya kuɗin turi, mako bayan mako, wani har shekara ta zagayo. Duk don me? Don ya ga yadda za ta kaya. To ba ta kayawa! Zango na biyar, zango na takwas, har yanzu ba a ɗaura auren ba.

Tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim abu ne mai farko da ƙarshe. A zamanin kaset na ɗaya ne da na biyu, in ya yi tsawo na uku. A sayo a Ƙofar Wambai, a kalla, washegari a yini ana musu a gindin bishiya kan wanda ya yi daidai. Da kasuwar faifai ta mutu harka ta koma YouTube, inda kuɗi ke bin yawan kallo, sai rufe labari ya zama asara. Don haka a ja, a ƙara ja.

Za su ce abinci suke nema, wai kuma masu kallo ne ke so. Wa ya hana ku cin abinci? Ku gama wannan, ku ɗauko wani. Mai kallo bai ce yana son jan rai ba, ƙarshe yake jira, kun riƙe masa.

Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne ranar da suka gaji suka rufe. Kishiyar da ta shekara tana makirci sai kawai ta haukace. Wani malami da ba mu taɓa gani ba ya shigo ya yi wa'azin minti biyu, kowa ya fashe da kuka, a rubuta Alhamdulillahi. Wataƙila tsoron Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, na cikin abin da ke sa su gaggauta hukunta mugu. Wataƙila. Amma wa ya ce hukuncin ya faɗo daga sama?

Kakanninmu ba su yi karatun rubuta fim ba, amma ba su taɓa barin Gizo a rataye ba. Dabararsa ce ke juyowa ta kama shi, sannan a ce ƙurunƙus, yara su kwanta da gamsuwa. Ƙarshen da ke zama a zuciya ke nan, wanda labarin da kansa ya haifa.

Baffan da ya cinye gonar marayu, gonar nan ce ya kamata ta zame masa ƙarfen ƙafa, a gaban alƙali ko a gaban dagaci, dangi na kallo, mu ma muna kallo. Ku daina aiko masa da tirela ta take shi a hanyar Haɗeja.