Biskit ɗin Karen Gadi, Ni da Yara a Kicin

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanku da warhaka daga nan Agege a Legas. Yau Asabar babu makaranta, ni da Auta da yayanta za mu gasa wa karen gadin gida biskit. Ku dubi tiren nan da kyau.

Dafaffen dankalin Hausa ne da aka dandaƙe, awon gwangwanin madara 1. Garin alkama gwangwani 2 da rabi, ƙwai 1, markaɗaɗɗiyar gyaɗa babban cokali 2. Iyakarsa ke nan. Ba gishiri, ba sukari, ba ɗunƙule. Albasa da tafarnuwa kuwa ko ƙamshinsu kada ya shiga, domin suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Cakulan guba ne a gare shi, inabi da busasshensa kuma suna iya kashe masa ƙoda. Tun kafin a taɓa gari nake faɗa wa yara wannan, don yaro yana ganin duk abin da ya yi masa daɗi zai yi wa kare.

Gyaɗar nan ita nake so mu tsaya a kai. A zuba ta a faifai a tsince, duk wadda ta yi baƙi, ta motse ko take warin fumfuna a zubar, saboda gubar fumfunar gyaɗa hanta take kamawa, kare kuma ba ya jure ta. In ta kwalba za ku saya a kanti, ku karanta jikinta. Da kun ga an rubuta xylitol, wani sinadarin zaƙi da ake sawa a madadin sukari, ku mayar da ita, ɗan kaɗan ɗinsa yana faɗar da sukarin jinin kare nan take. Ƙuli-ƙuli ma ban yarda a daka a zuba ba, galibi akwai gishiri da yaji a ciki.

To Auta, wanke hannu, zo ki murje dankalin nan da cokali mai yatsu. Yaya, kai ne mai awon gari. Ƙwan ni zan fasa, kuma ba mai lasar kwaɓin, ɗanyen ƙwai da ɗanyen gari suna kawo ciwon ciki. Kun ga yadda yake manne mata a yatsu? Dankalin ne bai tsane ba. Ana barbaɗa gari cokali-cokali har ya saki hannu. In kuma yana tsattsagewa, ruwa cokali 1 ya wadatar.

A murza shi da kwalba, kaurinsa kamar rabin santimita, yara su yanka da murfin gora. Girmansu ya zo ɗaya, in ba haka ba ƙananan su ƙone, manyan cikinsu ɗanye. Daga nan aikin yara ya ƙare, wuta tawa ce.

Oben a digiri 180, minti 25 zuwa 30, a juya su a tsakiyar lokacin. Wanda ba shi da oben, tukunya da yashi irin na gashin kek ta isa, wuta ƙasa-ƙasa, a ɗora tiren a kan ƙarfe don kada gindin ya babbake.

Ga inda Legas ta bambanta da gida. A Kano lokacin hunturu iska kaɗai za ta ƙarasa busar da shi. Nan kuwa danshin teku ne dare da rana, biskit mai ɗan taushi a ciki cikin 'yan kwanaki zai yi fumfuna. Saboda haka in an kashe wuta a bar su a ciki, ƙofa a ɗan buɗe, kamar awa 1. Ku ji wannan, ƙaras! Wanda ya lanƙwashe bai karye ba ya koma wuta. Sai sun huce sarai za a zuba a kwalba mai murfi, a sa a firij, a cinye cikin mako guda. Unguwar da wuta ba ta zama, a kwaɓa rabin awon nan kawai.

Biskit ba abinci ba ne, kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da karen yake ci a yini. Ranar farko guda 1 za a ba shi a ga yadda cikinsa ya karɓa. Kwanonsa daban yake, ba ya haɗuwa da namu. Yaya, saka masa a ciki ka ja baya, ba a taɓa kare yana ci. Auta, riƙe hannuna, daga nan mu je famfo da sabulu.