Hanyar Zama Lauya Tun Daga Teburin Cike Fom Take Farawa

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu da ke zaune can baya, da ku ƙannena 'yan aji shida, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi. An ce in yi magana kan yadda ake samun gurbin karatun lauya da yadda ake shirya wa jarabawa, to ni dai zan fara da abin da ya fi damuna ne, saboda duk shekara sai na gan shi.

Akwai ɗan yayata, yaro mai ƙoƙari wallahi, tun yana firamare yake cewa shi lauya zai zama. Lokacin rijistar JAMB mahaifinsa ya ba shi kuɗi ya tafi shi kaɗai, layi ya yi tsawo, rana ta take, da aka zo kansa mai buga kwamfutar ya ce wane darussa za a sa maka, ya ce ko wanne ma na 'yan Art. Aka sa masa Gwamnati da Tattalin Arziki da IRS, wato darasin addinin Musulunci, babu Adabin Turanci, wato Litireca. Ya ci maki mai kyau, muka yi ta murna, sai da aka zo tantancewa aka ce jami'ar da ya zaɓa ba ta ɗaukar lauya babu Litireca. Na ga yaron nan zaune a soro riƙe da silif ɗinsa ya ninke shi huɗu, ya kasa ko cin abinci. Shekara guda ta tafi a kan minti biyu na gaban kwamfuta.

Shi ya sa nake cewa yawancin yaranmu ba a ɗakin jarabawa suke faɗuwa ba, tun wajen cike fom an riga an kayar da su. JAMB tana da kundin da ta jera kowace jami'a da abin da take nema, yana nan a shafinta kyauta, ku buɗe ku karanta da idonku kafin ku taka ƙafa cibiyar rijista. Turanci dole ne ga kowa, sannan darussa uku, kuma mafi yawan jami'o'i suna son Litireca a ciki. Mai son ɓangaren Shari'ar Musulunci kuma ya duba maganar Larabci ko IRS. A WAEC ko NECO kiredit biyar ake nema, har da Turanci da Litireca, da yawa kuma suna haɗawa da Lissafi, don haka wanda ke gudun ajin Lissafi yana cewa ai ni lauya zan zama, ya dawo ya zauna. Sunanka na NIN da na sakamakonka kuma su zama iri ɗaya harafi da harafi, Muhammad a nan Mohammed a can yana iya jawo maka zirga-zirgar da ba ka shirya mata ba.

Ita jarabawar kanta tambaya 180 ce a awa 2, Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, jimillar maki 400. Ku yi lissafi, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. To wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar, hannunsa na rawa yana neman inda maɓallin N yake don ya wuce gaba, yana neman P don ya koma baya, yaushe ya karanta dogon labarin da aka ba shi ya amsa? Ku je ku yi gwaji tun yanzu, ko a waya ne, ku sa agogo a gabanku, in lokaci ya cika ku tsaya ko ba ku gama ba, ku ga nawa kuka ci. Tambayar da ta gagare ka wuce ta, ka dawo mata daga baya.

Zan ɗan tsaya kan Turanci da Litireca don nan ne ciwon yake. Na san abin da ake yi, ana sayen ɗan ƙaramin littafin taƙaitawa a haddace sunayen taurari a tafi. Ƙannena wannan ba zai kai ku ba. Karanta littafin da aka sa muku gaba ɗayansa, da ƙamus a gefe, kalmar da ba ka sani ba ka rubuta ta a bayan littafin rubutunka, kullum ko shafi goma ne bayan sallar asuba kafin gida ya cika da hayaniya. Kuma ba don JAMB kaɗai ba. Aikin lauya karatu ne, wata rana za a miƙo maka hukuncin Kotun Ƙoli mai shafi tamanin a ce gobe ka zo ka faɗi a kan me alƙalai suka tsaya, in ba ka saba zama da dogon rubutu ba tun yanzu ranar za ka sha wuya. Tsofaffin tambayoyi suna da amfani ƙwarai, amma bayan ka karanta, don ka gane inda kake da rauni.

Kada kuma wani ya ruɗe ku da ƙaramin makin da ake sanarwa a rediyo, wancan na shiga jami'a ne gaba ɗaya, lauya tana cikin kwasa-kwasan da aka fi rububi, jami'a ce ke yanke nata makin kuma yana can sama, ga tantancewar bayan JAMB. A jami'o'in tarayya kashi 45 cikin 100 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, don haka zaɓen jami'ar da jiharka ke cikin yankinta dabara ce. In ba a dace ba akwai wata hanya, IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ko difloma ta lauya irin wadda ake yi a Legal, kwalejin shari'a ta nan Kano, ka shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ka yi shekara 4 maimakon 5. Duk gurbin da ba ka gan shi a CAPS, shafin JAMB na bayar da gurbi, ka karɓa da hannunka ba kuwa, ba gurbi ba ne, ko wa ya yi maka alkawari.

Iyaye, wannan naku ne. Digirin lauya, wato LL.B, kaɗai ba ya sa a kira mutum barista, sai ya je Law School, makarantar horar da lauyoyi, wadda ta fara a Legas a 1963 da ɗalibai 8, yanzu hedikwatarta na Bwari a Abuja, da rassa a Legas, Enugu, Yenagoa, Yola, Fatakwal da namu na Bagauda. Can zai yi kusan shekara cikin tufafi baƙi da fari, a tura shi kotu da ofishin lauyoyi ya ga aiki, ya rubuta jarabawar ƙarshe, sannan a kira shi barista. Majalisar da ke kula da ilimin lauya ita ke amincewa da tsangayar kowace jami'a, ta kuma yanka mata adadin ɗaliban da za ta tura. Jami'ar da aka ba ta 50 ta ɗebi 200, ina sauran za su? Suna gida suna jiran layi, wasu shekara da shekaru, da digiri a akwati. Kafin ku biya ko sisi, musamman a sababbin jami'o'i masu zaman kansu da na ƙetare, ku tambaya an amince da su, kuma nawa ne kasonsu. Wanda ya karanto a waje ma sai ya fara yin Bar Part I, wato kwas na farko kan dokokin Najeriya a Law School, kafin ya haɗu da sauran.

Na ga an miƙo min takarda lokacin sallah ya gabato. Wanda ya riga ya yi rijista ya kawo min silif ɗinsa bayan an idar, ina nan bakin ofishin shugaban makaranta, mu duba darussan tare tun ana iya gyarawa.