Ina Motar Da Ke Kan Birin Picasso Ta Shiga?

Ku tsaya tukuna a kan fuskar birin nan na tagulla, mutum-mutumin da Picasso ya yi. E, mota ce. Gilashin gaba shi ne idanu, bonet shi ne hanci. Tun da hoton nan ya fara yawo mutane ke cewa Picasso ya ɗauki motar wasan ɗansa ya kwarara mata tagulla, har yau tana ciki. To, babu mota a ciki. Ko taya ɗaya babu.

Bari mu yi sauri da tarihi. An haifi Pablo Picasso a Sifaniya a 1881, duniya ta san shi da zane. A ƙarshen shekarun 1940 ya koma Vallauris, garin magina tukwane a kudancin Faransa, inda ya kama tsince-tsince a juji. A 1950 ya haɗa akuya: kwando ya zama ciki, tuluna biyu suka zama hantsa. A 1951, yana da kimanin shekara 70, ya haɗa wannan gwaggon biri da ɗansa a ƙirji. Kan, motocin wasa biyu ne na ɗansa Claude, ɗaya a kife ƙarƙashin ɗaya. Ko an nemi izinin yaron, wannan kuma tsakaninsu.

Yanzu ga inda ake ɓata. Abin da Picasso ya haɗa da hannunsa, na filasta da yumɓu da tarkace, ba ya shiga wuta. Maƙera ne ke karɓarsa su lulluɓe shi da mazubi gunduwa-gunduwa, wanda ke kwafe kowane layi, har ƙofar motar. Sai a ɓare mazubin, a ɗauke na asali a ajiye gefe. Aikin na asalin ya ƙare daga nan.

Ku kalli hannun maƙerin da kyau. Kaki yake shafawa a cikin mazubin, siriri, kaurin 'yan milimita. Idan ya daskare, sai ga biri na biyu, na kaki, cikinsa fayau. A cika cikin da ƙasa mai jure wuta, a soka ƙusoshi su riƙe ta, a liƙa sandunan kaki a jiki, waɗanda za su zama hanyar da ƙarfe zai bi da wadda iska za ta fita. Sannan a sake rufe komai da wani kauri na ƙasa, a kai tanderu.

A tanderun kakin ke narkewa ya tsiyaye. Me ya rage? Wani siririn gurbi tsakanin ƙasar ciki da ta waje, mai siffar biri sak. Wannan gurbin ake cikawa da narkakkiyar tagulla, wato jan ƙarfe da aka gauraya da kuza, da zafin da ya haura digiri 1,000. Da motar roba ko ta gwangwani na wurin, ai da ta toshe hanya, zubin ya lalace. Saboda haka tagullar siffar motar kawai ta ɗauka, ta hannun kaki.

Sauran ku gani da idonku: a fasa ƙasa, a yanke sanduna, a goge, a shafa sinadari da wuta har launi ya fito.

Tunda mazubin farko yana nan, ana iya sake zuba wani kakin. Shi ya sa za ku ga birin a gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York, ku kuma gan shi a wani wurin, kuma babu na jabu a cikinsu. Na filastan, mai motocin gaske, yana gidan tarihin Picasso a Paris.

Ni dai a ganina na filastan ya fi ban dariya, don kana ganin tarkacen ƙuru-ƙuru. Tagulla kuwa tana mayar da kwando da tulu da mota fata ɗaya, launi ɗaya, sai ka fara ganin dabba kafin ka gane da me aka yi ta. Ga wutsiyar nan, misali. Ku ƙara matsowa. Sifirin ɗin mota ne.