Yadda Ake Auna Kabon da Dazuzzukan Ƙasa Ke Riƙe da Shi

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da wannan lokaci.

A rahotonta na 2020, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ce dazuzzukan duniya sun kai hekta biliyan 4.06, kuma suna riƙe da kabon tan biliyan 662. Babu wanda ya taɓa ɗora daji a kan sikeli. Adadin ya fito ne daga rahotannin ƙasashe, kowace ƙasa kuma lissafi ɗaya take yi: faɗin dajinta sau kabon da ke cikin kowace hekta. Tun bayan Yarjejeniyar Faris ta 2015 kan sauyin yanayi, wannan lissafi ya ƙara nauyi, domin yanzu ana son rahoto duk bayan shekara biyu, kuma kuɗin da ake biyan ƙasashe don rage sare daji a kansa ya dogara.

Kafin a ɗauki tef, sai an amince da abin da ake kira daji. A wurin FAO, fili ne da ya wuce rabin hekta, bishiyoyinsa sun haura mita 5, inuwar rassansu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na filin. Wasu ƙasashe sun zaɓi kashi 30. A yankin da bishiyoyi ke tsaye jefi-jefi, wannan bambanci kaɗai zai iya shigar da fili mai yawa cikin lissafi ko ya fitar da shi, ba tare da an sare ko reshe ba.

Kwamitin masana sauyin yanayi, IPCC, a jagoransa na 2006 ya kasa kabon daji gida biyar: jikin bishiya na sama, saiwoyi, matattun itatuwa, ganyen da ya zuba, da turɓaya. Ina cewa turɓaya ne don kada mu rikita ta da ƙasa mai gwamnati. A ƙiyasin FAO, kashi 44 na kabon yana jikin bishiyoyi masu rai, kashi 45 yana cikin turɓaya, amma turɓayar ita ce aka fi yi wa awon ganin dama.

Mu shiga daji. Ana shimfiɗa layuka a kan taswirar ƙasa, a fitar da wuraren awo tun daga ofis. Ma'aikaci ba shi da ikon canza wuri. Ɓarna ta farko a nan take: tawaga ta iske wurin yana bayan fadama ko kan tsauni, sai ta matso kusa da hanya. Dajin bakin hanya kuwa an riga an tsince manyan itatuwansa, don haka lissafin ƙasa gaba ɗaya sai ya yi ƙasa. Wata tawagar kuma ta ga rukunin manyan bishiyoyi sai ta karkata can. Idan filin awon yana kan gangare, dole a gyara tsawon igiya, domin hekta a miƙe ake lissafa ta. A gangare mai digiri 30, filin da aka auna da tef a matsayin hekta ɗaya, a taswira hekta 0.87 ne kawai.

Ana auna kaurin bishiya a tsayin mita 1.3 daga gindi, a ɓangaren tudu. Ana zagaya tef, a raba da 3.14, a sami faɗin gangar jikin. Bishiya mai gindi mai fikafikai, sai a hau tsani a auna sama da inda fikafikan suka ƙare, a shafa fenti a wurin. Ina roƙonku ku riƙe wannan, domin faɗin sau kansa yake shiga lissafi. Ga misali da ƙa'idar lissafin nauyin bishiya da wani masani mai suna Chave da abokan aikinsa suka fitar a 2014, bayan nazarin bishiyoyi 4,004 da aka sare aka auna a yankunan zafi. Bishiya mai faɗin santimita 40, tsawon mita 25, wadda curin busasshen itacenta mai santimita ɗaya ta kowace fuska ke da giram 0.6, nauyinta a bushe zai kai kilo 1,270. A ninka da 0.47, wato kason kabon a busasshen itace, kabon ɗinta kilo 600 ke nan, ko kusa da haka. A ninka da 3.67 don mayar da nauyin kabon zuwa nauyin iskar da zai iya zama, an sami kusan tan 2.2 na iskar kabon dayoksaid. To, idan tef ya hau kan kurangar da ta nannaɗe jikinta aka rubuta 44 a maimakon 40, nauyin ya ƙaru da kusan kashi 20. Santimita huɗu kacal.

Sai a lura da wani bambanci da nake ganin shi ne zuciyar maganar. Kuskure iri biyu ne. Akwai na sa'a, yau sama gobe ƙasa, wanda yawan filayen awo ke rage shi, ko da yake sai an ninka filaye sau huɗu kafin ya ragu da rabi. Akwai kuma mai karkata gefe guda: ƙa'idar da aka gina a wani irin daji aka ɗora wa wani, ko sunan bishiya da aka rubuta ba daidai ba har aka ba itace mai laushi nauyin itace mai tauri. Wannan ko filaye dubu goma aka auna yana nan daram. Maganinsa shi ne a sare wasu bishiyoyi a auna su don gwada ƙa'idar, musamman manya, a kuma tura tawaga ta biyu ta sake auna wasu filayen ba tare da ta ga takardun ta farko ba.

Saiwoyi ba kasafai ake tono su ba. Ana ninka nauyin sama da wani kaso, misali 0.24 a cikakken daji mai damshi, 0.56 a busasshen daji mai ƙananan itatuwa. Turɓaya kuwa ana ɗiba zuwa zurfin santimita 30. A buga zoben ƙarfe wanda aka san girman cikinsa, a busar a zafin digiri 105, a tankaɗe da rariya mai idon milimita 2, a cire nauyin tsakuwa. Wanda bai cire tsakuwa ba ya ƙirga dutse a matsayin kabon. Kuma santimita 30 ba ya wadatarwa ko'ina. A 2017 aka bayyana cewa dausayin tsakiyar kwarin Kongo yana ɓoye da kabon kimanin tan biliyan 30 a ruɓaɓɓen ganyen da ya taru mita da yawa a ƙarƙashin bishiyoyi.

Yanzu tauraron ɗan Adam. Hotunan Landsat, waɗanda kowace ƙwaya, wato ɗigon hoto ɗaya, ke wakiltar fili mai faɗin mita 30, sun zama kyauta a 2008. Sentinel-2 na ba da mita 10. Na'urar lesa ta GEDI, da aka kai tashar sararin samaniya a 2018, tana auna tsawon bishiyoyi, kuma a Afrilun 2025 Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba Biomass, mai na'urar rada da ke ratsa ganye ta isa ga gangar jiki. Ci gaba ne babba, amma babu ɗayansu da ke ganin kabon. Haske da tsawo suke gani, filayen awo ne ke fassara su. Hoto na yau da kullum, da zarar rassa sun haɗe, ba ya bambance daji mai tan 150 a hekta da mai tan 300.

Kada kuma a ƙirga ƙwayoyin taswira a ce faɗin da aka sare ke nan. A ce ƙasa na da daji hekta miliyan 10, ana sare 50,000 a shekara. Idan taswira ta yi kuskure a kashi ɗaya tak cikin 100 na dajin da ba a taɓa ba, ta ƙirƙiro sara na hekta 100,000, ninki biyu na gaskiyar. Abin da ya dace shi ne a ciri samfurin wurare daga kowane rukuni na taswirar, ƙwararru su duba su ɗaya bayan ɗaya a hoto mai kyau, a gyara faɗin da sakamakon, a rubuta shi tare da iyakar shakkarsa.

Abin da duniya ke tambaya shi ne nawa ya ƙaru, nawa ya ragu, kuma canjin shekara ƙarami ne a gefen jimillar. Shi ya sa ake komawa filayen da aka auna a baya, galibi duk shekara biyar, a auna bishiya ɗaya a kan alamar fenti ɗaya. A binne ƙarfe a tsakiyar filin, a ɓoye wurin, don kada masu sara su riƙa kauce masa ya zama daban da sauran daji. Ranar da aka sauya ƙa'ida ko taswira kuma, dole a koma a sake lissafin duk shekarun baya da sabuwar hanyar, har zuwa shekarar farko da aka fara ba da rahoto.