Jawabin Maraba ga Baba Rabaran a Ziyararsa Sakkwato

Mai girma Babanmu a cikin Ubangiji, Baba Rabaran, tare da Mama da dukan ayarin da suka rako ku daga Jos. Fastonmu da Mama Fasto, dattawan ikilisiya, Zumuntar Mata, mawaƙa, matasa, da 'ya'yanmu na Makarantar Lahadi: salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku duka.

Baba, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Ko kuwa in faɗa da bakin mutanen garin nan: kun taho lahiya? Mun san abin da ke tsakanin Jos da Sakkwato. Mutum ya ratsa Zariya da Funtuwa, ya wuce Gusau da Talata Mafara, sa'an nan ya fara jin ƙamshin gida a Tureta. A wannan zamani ba kowa ke yarda ya hau hanyar nan ba. Tun jiya da asuba iyayenmu mata suke durƙushe a nan, sai da waya ta shigo cewa kun wuce Dange suka tashi suka ɗora tukunya. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ku kuwa kun taka ta. Zafin rana kam sai haƙuri. Kun zo mana a bazara, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, fankar nan da ke bisa kanku ma iska mai ɗumi take rabawa.

Kafin ku shigo gari kun wuce ƙasar Amanawa. Tsofaffinmu ba su ambaton wurin nan da wasa, domin a can ne ma'aikatan mishan na SIM suka zauna suna wanke miki suna ɗaure ƙafafun masu cutar kuturta, tun kafin a kafa ikilisiyar ECWA a 1954. Mutanen wannan yanki sun ga bishara a hannu kafin su ji ta a baki. Duk lokacin da muka fara cika baki da yawan taro ko kyan gini, tunanin Amanawa yakan sa mu sunkuyar da kai.

Baba, ga yadda muke. Ikilisiyar nan kamar tasha ce. Dubi kujerun nan: mutanen Zuru da Yawuri, 'yan kudancin Kaduna, 'yan Filato da Adamawa, sojoji daga barikin Giginya, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ma'aikatan jinya, masu yi wa ƙasa hidima. Harshen Hausa ne ya ɗaure mu wuri ɗaya. Sai mu koya wa yaro kaɗa ganga, mu saba da muryarsa, ran nan kawai ya zo da takardar canjin aiki. Da fari abin yakan ci mana rai. Ni kaina na sha rufe rajistar membobi da baƙin ciki, ina ƙirga waɗanda na soke sunayensu. Amma dattawa sun zauna sun ce, tun da Allah bai ba mu masu daɗewa ba, to kada wanda ya bar nan ya tafi kamar yadda ya zo. Daga nan aikinmu ya juya.

Abin da muka fi zuba ƙarfi a kai shi ne karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa. Cikakken Littafin ya fito tun 1932, bayan shekaru da Likita Mila na Wusasa da abokan aikinsa suka yi suna fassara, amma har yau akwai masu ɗauke shi zuwa sujada a naɗe cikin kallabi, su buɗe shi a cinya, idanunsu kuwa na kan bakin mai karatu. Saboda su muka buɗe ajin yamma ranar Talata da Alhamis, a ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan majami'a.

Akwai wata uwarmu, ba zan kira sunanta ba don za ta ji kunya, tana nan zaune cikin farin kallabin Zumunta. Ƙosai take toyawa a bakin titi. Takan zo aji da ƙamshin mai a zanenta, fensir a maƙale cikin ɗankwali. Wata shida tana kokawa da bambancin "b" da "d". Ran wata Lahadi Fasto ya tambaya ko akwai mai karanta mana Zabura 23, sai muka ga ta miƙe. Ta ɗora yatsa a kan layi, ta fara: "U-ban-gi-ji ma-ki-ya-yi-na ne." Aya shida, ta kusa cinye minti goma, ba wanda ya yi ko tari. Da ta sauko, ta ce wa jikarta, "Yau ban aro bakin kowa ba." Baba, an yi mana wa'azi masu daɗi a kan bagadin nan, amma ban taɓa ganin dattawa suna goge ido kamar ran nan ba.

Game da zama da maƙwabta, ba za mu ɓoye muku ba, mun ga ranakun da muka kulle ƙofa muka yi sujada da murya ƙasa-ƙasa. Mun kuma ga maƙwabci Musulmi da ya tsaya a bakin gidan ɗan'uwanmu ya ce sai an bi ta kansa. Da azumi kunu da ƙosai na shigo mana, da Kirsimeti shinkafarmu na tsallaka katanga. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda ke kan karaga tun 2006, yana cikin shugabannin majalisar tuntuɓa tsakanin addinai ta ƙasa, muna kuwa saka shi a addu'a kamar yadda Manzo Bulus ya umarci Timoti game da sarakuna.

Yanzu ga kokenmu, yaro ba ya ganin ubansa ya yi shiru. Malamin ajin nan ɗalibi ne, bana zai gama ya tafi. Muna roƙo, in za a rarraba waɗanda suka sauke karatu a makarantun Littafi Mai Tsarki, a tuna da mu da mai bishara guda wanda ya iya koyar da manya, zai kuma jure zafin Sakkwato. Ɗaki mun riga mun shafe masa. Muna kuma bukatar Littafi mai manyan baƙaƙe da Littafin Waƙoƙi, domin idanun tsofaffi sun gaji, namu kuma duk sun zube shafi. Rufin majami'a da ke yoyo mun bar wa baikonmu, za mu ji da shi kafin damina.

Zumuntar Mata sun dama muku fura da nono, tana cikin randa tana jiranku. Ga kuma 'yar tsaraba: jakar Littafi ce ta fatar jar akuyar Sakkwato, ɗinkin dukawan garin nan, da zane na Mama. Uwarmu mai Zabura 23 ce za ta miƙa muku. Uwarmu, taso, Baba na jira.